Shirun Motar Gwadabe

Tun Zuwaira Badamasi tana sabuwar malama a wata firamare a Birnin Kudu, kowa a tashar Gwaram ya san wurin zamanta a mota. Can gidan baya, kusurwar hagu, inda buhun barkono yake tokare wa mutum gwiwa, akuyar da ke but kuma take hura masa numfashi a ƙeya. Wurin da kowa ke gudu, nan take so. In ta zo da safe ta tarar wani ya riga ta, sai ta lallashe shi su yi musaya, ya koma gaba yana murna kamar an ba shi kyautar doki.

Ba ƙanƙan da kai ba ne. Zuwaira ba ta san wannan ba, duk garinsu Maruta an shaida cewa 'yar Malam Badamasi in ta kafe a kan magana ko da gatari ba a ciro ta. Abin da take nema a gidan baya hira ce. Nan matan da ke kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Birnin Kudu suke zama, nan manoma masu zuwa asibiti suke zama, nan ake baje kolin duniya. Kafin mota ta bar Gwaram an fara, kafin a hango duwatsun Birnin Kudu an ɗaura aure, an raba gado, an tsine wa tsadar taki. Ita kuwa sai ta jingina kai da gilashi ta lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, kunnuwanta a buɗe wangale. Ba ta taɓa fito da biro a mota ba. Sai ta koma gida da yamma, ta yi sallah ta ci abinci, sannan ta zauna a gindin dalbejiyar tsakar gidansu ta ɗauki waya ta shiga dannawa.

Ba ta kwasar labarin mutum ta juye shi yadda yake. Takan ɗebi tarin wannan tsoho, ta haɗa da rowar wancan, ta ɗora musu hular wani da ta gani a kasuwar Sara, sai ga mutum ya miƙe da ƙafafunsa. Amma tsamin da ke tayar da ƙullun, daga mota yake fitowa.

Shekaru ta yi a haka ba wanda ya san da ita sai 'yan tsiraru a zaurukan intanet. Ta tura labarai gasa bayan gasa, ko "mun gani" ba a ce mata ba. Kawunta ya taɓa cewa a gaban mutane, "An kai yarinya kwaleji ta koyo ƙarya, ga shi yanzu da waya take yin ta."

Ta ce, "Kawu, ai gara tawa. Ni tun farko nake faɗa wa mutane ƙarya ce."

Malam Badamasi ya sunkuyar da kai yana tarin da babu shi, don kada a ga dariyarsa.

Wani marubuci a Kano da ta nemi shawararsa ya ce ta daina ɓata basirarta, ta rubuta labarin masu kuɗin Abuja da jiragen sama. "Wa zai karanta labarin akuya a but?" in ji shi. Ta ce, "Mai akuyar." Akwai daminar da wayarta ta suɓuce ta faɗa rijiya da aikin shekara guda a cikinta. Ta leƙa rijiyar, ta yi kukanta ta share hawaye, washegari ta ari wayar ƙanwarta Basma ta sake labaran daga ka. Wasu ma sun fi na da daɗi.

Sai Allah ya kawo lokaci. Labarinta mai suna "Igiyar Ƙofa", na wani direba da ƙofar motarsa ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiyar guga, ya zo na ɗaya a wata babbar gasar gajerun labarai. Aka kira ta Kano aka ba ta kambu a gaban farfesoshi. Hajiya Kubra, mai kamfanin buga littattafai, ta tattara labaranta ta fitar da littafi. Gidan rediyo ya shiga karanta su duk Lahadi da yamma, masu shayi suna ƙara murya. Ɗaliban jami'a suka fara zuwa Maruta suna tambayar salonta da jigonta, Malam Badamasi yana shimfiɗa musu tabarma yana cewa shi dai salon da ya sani, tun tana goye ba ta jin magana.

Ranar karɓar kambun, Gwadabe ne ya kwashi danginta zuwa Kano. Shi ne ciyaman na direbobin layin Gwaram zuwa Birnin Kudu, dattijo mai furfura a gemu da murya kamar ganga, kuma duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar bas ɗinsa ya san da igiya ake ɗaure ƙofarta. Ya zauna a layin baya na zauren taron cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya saurari jawabai daga farko har ƙarshe. A hanyar dawowa bai ce uffan ba. Zuwaira ta lura, amma murna ta sha kanta.

Ranar Litinin da ta koma aiki, tana isa tasha ta nufi ƙofar baya kamar kullum, sai Ɗanbala ɗan kamasho ya sha gabanta yana washe baki.

"Nan, Malama, nan! Gidan gaba."

"Ɗanbala, ka manta wurina ne?"

"Umarnin ciyaman ne, ranki ya daɗe."

"Ranki ya daɗe? Ni? Ba kai ne kake ce mini 'yar boko mai jaka kamar ta wanzami ba?"

"Wancan zamani ya wuce," in ji shi, ya buɗe mata ƙofa har da rusunawa.

An shimfiɗa wa kujerar sabon tawul mai hoton dawisu. Kujerar da ake cusa mutum biyu, wani lokaci har da rabin na uku, ita kaɗai aka bar wa. Ta zauna don kada ta kunyata shi a gaban jama'a, ta ce a ranta karramawar rana ɗaya ce. Gwadabe ya shigo, ya gaishe ta da ladabi, ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Mota ta tashi.

Shiru.

Ta jira a fara. Aka wuce gonakin dawa, aka wuce makiyaya, ba wanda ya ce ko ƙala. Ta waiwaya. Ga Inna A'i mai man gyaɗa can a gidan baya, matar da bakinta ba ya hutawa sai in ta tayar da sallah, ta naɗe hannu ta zuba wa ƙeyar na gabanta ido. Wani tsoho ya yi atishawa, ya dubi direba a tsorace, ya ce alhamdu lillahi a cikin rigarsa. Haka aka shiga Birnin Kudu kamar masu rakiyar gawa.

Washegari haka. Jibi haka. Ta canza mota, ta tarar da wani tawul ɗin yana jiranta. Duk motar da ta shiga a layin, da ta sa ƙafa sai baki ya mutu, kamar an watsa wa kaji tsakuwa sun ɗauke wuta.

Ba ta sha wahalar nemo dalili ba. Igiyar ce. Ta fallasa ƙofar ciyaman a rediyo, duniya ta ji, shi kuwa babba ne, ba zai tsaya cacar baki da 'yar cikinsa ba. Sai ya ɗaga ta sama ya ajiye inda ba wanda zai taɓa ta. Su kuma sauran, kowa ya kama bakinsa kada ya ji kansa a rediyo ranar Lahadi. Abin ya yi mata ciwo. Mutanen da ta ƙi sayarwa don gidajen Abuja, su ne yau suke mata kallon 'yar leƙen asiri.

Da wata ce da ta je ta durƙusa ta ce Baba Gwadabe me na yi. Ba Zuwaira ba. Ta ce a ranta, in sun iya shiru ni ma na iya, a ga wanda zai fara gajiya. Ta shiga hawa kujerar dawisu da kai a ɗage, ta gaida direba, ta kalli titi har a sauka.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Duk yamma takan zauna a gindin dalbejiya da waya a hannu, ta rubuta layi ta goge. Mutanen da take ƙirƙira sun ƙi tashi, kowa magana yake kamar mai karanta labaran duniya. Rannan don takaici har ta fara labarin wani attajiri a Abuja. Ta kai shi bakin ƙofar jirgi, ta rasa abin da zai ce, ta goge shi da jirgin gaba ɗaya.

Hajiya Kubra kuwa ta ishe ta da waya. Littafi na biyu ya kammala sai labari guda, kuma ana son fitar da shi a taron marubuta da za a yi bayan girbi.

"Zuwaira, in bai zo kafin ƙarshen watan nan ba, mai injin buga littafin zai ba wasu wurinmu, sai kuma baɗi. Me ya same ki? Ke da kike zubo su kamar ruwan Agusta?"

"Yana tafe, Hajiya."

"Tun yaushe yake tafe? Da ƙafa yake zuwa?"

Ta yi dariya ta kashe waya. Baɗi ba ta dame ta ba. Abin da ya dame ta, kada a ce rijiyar ce ta ƙafe, ita kuma ta ƙare a marubuciyar littafi ɗaya, a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta taɓa cin gasa.

Sai ta yi dabara. Ta ari niƙabin wata maƙwabciyarsu, ta sa safar hannu da ta ƙafa, ta bar jakarta a gida ta zuba takardun makaranta a baƙar leda. Ta isa tasha tana ɗingishin ƙarya. Ɗanbala bai ko dube ta ba.

"Hajiya, can baya, matsa ciki. Inna A'i, ɗauke jarkarki mana, kujera kika biya ba gida ba."

"Uwarka ce ta biya gida," in ji Inna A'i cikin raha, ta janye jarkar.

Daɗi ya kama Zuwaira har hawaye ya cika mata ido a bayan niƙabi. Ga barkono, ga akuya, ga rediyo yana ta ɓaɓatu ba mai saurarensa. Mota ba ta gama fita tasha ba Inna A'i ta gyara zama ta daki cinyar ta kusa da ita.

"Ke, kin ji abin da ya sami Yahuza na Yalwan Damai da bijiminsa? Ya kai shi kasuwar Sara ya sayar, ya sayo wa matarsa atamfa, ya sha rake, ya kamo hanya. Yana isa gida ya tarar da bijimi a turke yana tuƙa, ya riga shi dawowa! Wallahi. Ya ce to, wannan amanar mutane ce, ya ja shi ya mayar wa mai shi. Bayan kwana kaɗan da asuba matar ta fito alwala, sai ga ƙaho a bakin zaure. To shi wanda ya saya ɗin, gwauro ne, wani mutumin Kangire, sai ya ce wannan karon ba zai aika kowa ba, da kansa zai bi sawu ya ga abin da ke gidan nan. Yana yin sallama, wa kike tsammani ya fito?"

Zuwaira ta manta kanta. Ta jingina kai da gilashi ta lumshe ido, yadda ta saba shekara da shekaru.

Ƙiiii! Gwadabe ya taka birki har akuya ta yi ƙara. Ya zuba ido a madubi, ya fito, ya zagayo ya kwance igiyar ƙofa.

"Malama Zuwaira, haba. Haba! Mutum ya ɓoye fuska, ai bai ɓoye zamansa ba. Taso, don Allah taso."

Aka sauko da mutum biyu daga gidan gaba aka cusa su baya, aka karkaɗe tawul. Inna A'i ta dafe baki da hannu biyu kamar wadda aka kama da satar nama a tukunya. Rediyo ya mutu. Zuwaira ta yaye niƙabi ta zauna a kan dawisu, kunya da haushi suna cin ta. Mafi muni, ba ta san wa ya fito ba.

Wannan rabin labari ya hana ta sakat. Tana koyar da yara lissafi tana tunanin wa ya fito. Ta ƙirƙiri amsa iri-iri, ko wacce ta ɗora sai ta ji ba ta zauna ba. Ta san gidan Inna A'i sarai, tafiyar ƙafa ce daga tasha, amma ta rantse ba za ta je roƙon hira ba kamar mai roƙon gishiri.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, aka kwana ana ruwa. Da safe suka tarar wata kwalbati ta karye a hanya, motoci suna ratsewa ta gefen wata gona. Na gabansu suka wuce da ƙyar. Bas ɗin Gwadabe ta shiga, ta yi nishi, ta yi tari, tayoyin baya suka nutse a caɓo.

"Jama'a, a taimaka a tura," in ji Gwadabe da raɗa-raɗa. Sannan ya juyo. "Malama, ke yi zamanki."

Kowa ya sauka, maza suka naɗe wando, mata suka tsaya gefe da kayansu. Zuwaira ta dubi tawul, ta dubi mutanen ta madubi suna turawa ba ko "ya Allah" mai ƙarfi, suna yi wa juna nuni da hannu kamar kurame. Haƙurinta ya ƙare. Ta buɗe ƙofa ta dira cikin caɓo da takalmanta na zuwa aiki, ta tattare hijabi ta ɗaure a ƙugu, ta ratsa tsakanin maza ta dafa bayan mota, daidai saitin taya.

"Malama, ba nan ba," in ji wani a hankali.

"Nan na ga dama. Baba Gwadabe, taka!"

Gwadabe ya taka. Taya ta juya a banza, ta kwaso caɓo ta watsa mata tun daga goshi har ƙafa. Ta tsaya ƙiƙam, ba abin da ake gani a fuskarta sai idanu biyu, wani ganyen gero a manne a kumatunta.

Ba wanda ya motsa. Sai aka ji wani sauti kamar tukunya na shirin tafasa. Inna A'i ce. Ta cusa bakin zani a baki, kafaɗunta suna rawa, idanunta sun yi ja. Ta riƙe, ta riƙe, abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da dariya har ta zauna a kan jarkarta.

"Wayyo cikina! Wayyo marubuciya! Gwadabe, kore ni, wallahi kore ni, na gaji!"

Gwadabe ya fito da gudu yana salati. Zuwaira ta share caɓo daga bakinta ta tare shi. Abin da ta ƙi tambaya da lalama, yanzu ya fito da faɗa.

"Baba Gwadabe, yau sai ka gaya mini. In igiyar ƙofarka ce ta ɓata maka rai, ka zage ni a gaban kowa a wuce wurin. Amma ka sa duk layi sun ƙaurace mini kamar mai kuturta? Me na yi muku da ba za a yi magana a gabana ba?"

Dattijo ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Ƙaurace miki? Mu?"

"To mene ne wannan?"

"Malama, taimako ne!"

"Taimako?"

"Ranar nan a Kano, ba ina zaune ba? Farfesan nan mai gilashi ya tashi ya ce marubuci ba abin da yake buƙata kamar natsuwa da shiru. Ya ce abin mamaki ne yarinyar nan ta yi wannan aiki duk da hayaniyar motocin haya da take fama da ita kullum. Mutane suka yi tafi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce Gwadabe, hayaniyar nan fa kai ne da mutanenka. Shekara nawa yarinya tana jingina kai tana son ta yi tunani, mun cika mata kunne da shirme? Duk da haka ta ciwo kambu. To ina ga an yi mata shiru? Shi ne na tara direbobi na kafa doka. In kina mota, duk wanda ya yi magana, mako guda ba a ɗaukarsa a layin nan."

"Har ni ya kora," in ji Inna A'i tana share hawaye. "Ranar niƙabin nan. Mako guda ina hawa babur da jarka a ka. Ke 'yar nan, tun kafin damina nake haɗiye magana, har kumburin ciki ya kama ni. Na je asibiti likita ya ce me kike ci, na ce ba ci ba ne, rashin faɗa ne."

Maza suka kwashe da dariya, kowa ya shiga faɗin irin azabar da ya sha. Tsohon nan mai atishawa ya ce shi har ya koyi riƙe tari tun daga Gwaram.

Zuwaira ta dubi Gwadabe. "To igiyar fa? Ba ka ji haushi ba?"

"Haushi?" Ya dafa ƙofar kamar mai dafa wuyan doki. "Ɗana ya sayo mini sabon makulli, na ce ya ajiye. Fasinja har hoto suke ɗauka da igiyar nan. Abin da ke ba ni haushi, akwai direbobi biyu a tasha da ƙofofinsu lafiya lau, sun je sun ɗaura igiya, kowa yana cewa da shi kike. In kin sake shiga rediyo, ki faɗa musu gaskiya."

Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara. Ta tuna watannin da ta yi tana ɗaga kai a kan dawisu tana gasar shiru da mutanen da ba su ma san ana gasa ba.

"Baba, farfesan nan bai taɓa shiga motarka ba. Ni ba na iya rubuta komai sai da hayaniyarku. Tun ranar da kuka yi shiru ban rubuta layi ɗaya mai kyau ba. Littafina yana can Kano ya tsaya."

Gwadabe ya cire hula ya sosa kai. "Wato ɓarna muka yi."

"Babba ma."

"To ke me ya hana ki magana?"

"Ai 'yar Badamasi ce," in ji Inna A'i. "Gara ta mutu da ƙishirwa a bakin rijiya da ta ce a ara mata guga. Ni dama na ce masa, mai barci ba ya murmushi daidai wurin dariya, amma wa ke jin maganar mai man gyaɗa?"

Gwadabe ya mayar da hula ya buɗe muryarsa ta ganga, wadda aka daɗe ba a ji ba. "Jama'a, an soke doka! Kowa ya yi magana! A tura motar nan da baki da hannu!"

Aka sa kafaɗa, wannan yana "ya Allah", wancan yana zagin kwalbati, Inna A'i tana ba da umarni daga kan jarka. Mota ta yi gurnani ta fice. Wata mata ta ba Zuwaira ruwa a buta ta wanke fuska. Da aka zo shiga, ta wuce kai tsaye kusurwar hagu ta gidan baya. Tsohon mai atishawa aka ɗora a kan dawisu, ya harɗe yana gaida mutanen gona ta taga kamar ɗan takara.

Tun kafin Gwadabe ya gama ɗaure igiya ta kamo hannun Inna A'i.

"Inna, wa ya fito?"

"Daga ina?"

"Gidan Yahuza! Mai bijimi!"

"Au, kina nan a wurin?" Inna A'i ta gyara ɗaurin kallabi, ta ja lokaci da gangan har sai da mota duka ta yi tsit, wannan karon don son ji. "Ƙanwar Yahuza ce ta fito, Hawwa, bazawara. Ashe ita ta yi renon bijimin tun yana maraƙi, ita ke ba shi dusa da kanwa, wurinta yake gudowa. Mutumin Kangire ya zo da faɗa a bakinsa, yana ganinta ya manta abin da ya kawo shi, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya ja bijimi ya tafi. To daga ranar, in bijimi ya kwana biyu bai gudu ba, da kansa yake kwance shi."

Mota ta ɗauki ihu. Wani ya ce ƙarya ne, wani ya rantse ya san mutumin, Gwadabe yana dukan sitiyari yana cewa a bar ta ta ƙarasa.

"An ɗaura aure kafin azumi. Yanzu bijimi ya daina gudu, sai dai Yahuza ne kullum yana hanyar Kangire aron sa."

Zuwaira ta jingina kai da gilashi, caɓo yana bushewa a hijabinta, akuya tana hura mata ƙeya. Ba ta lumshe ido ba, ba sauran amfani.

Yammacin ranar ta zauna a gindin dalbejiya, ba ta tashi ba sai da aka kira magariba, washegari ta ɗora. Ta canza garin, ta canza sunaye, ta ba gwauron tarin tsohon nan da gemun Gwadabe. Kafin wata ya mutu labari ya isa Kano. Hajiya Kubra ta kira tana dariya har da shaƙewa, ta ce da shi za a buɗe littafin.

Bayan girbi aka karanta shi a rediyo. Ranar Litinin Zuwaira tana sa ƙafa a tasha ta hango Inna A'i ta riƙe ƙugu a bakin mota tana jiranta.

"Ke 'yar Badamasi, zo nan. Bijimin nan baƙi ne wuluk. Uban wa ya ce ki mai da shi ja?"

"Inna, ai ba na Yahuza ba ne, nawa ne."

"Naki? Ko akuya kin taɓa kiwo? Shiga ciki, matsa can. Yau akwai wani labarin na Maruta, amma in kika ɓata shi, wallahi ni ma shiru zan yi."

"Ba ki isa ba," in ji Ɗanbala, ya tura jarkar ƙarƙashin kujera ya ja igiya.